Hukuncin Yi Wa Babur Ado

A ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, idan kaka ta yi, saurayi ya sayar da masararsa ko waken suya ya sayi babur, ba safai yake kai shi gida yadda ya fito daga kwali ba. Sai ya biya wurin masu kwalliya tukuna, a ɗinka wa sirdin riga mai geza, a manna wa tanki sitika, a ƙara ƙananan fitilu ja da shuɗi, a sauya oda da wadda ta fi amo. Dattawa na gani suna cewa almubazzaranci ne, samari kuwa suna cewa guminsu ne. To, ina matsayin wannan al'amari a Shari'a?

Asalin ado dai halal ne, kuma wanda ya haramta shi, shi ne za a nemi hujja a wurinsa. A aya ta 8 cikin Suratun Nahli, Allah Maɗaukakin Sarki ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna a cikin ni'imominsa, ya kuma haɗa amfaninsu biyu wuri guda, watau hawa da ƙawa. Imam Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa wani mutum ya ji tsoron kada son tufa mai kyau da takalmi mai kyau ya zama girman kai, sai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya nuna masa cewa Allah na son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Hausawa ma sun daɗe suna yi wa doki jalala da linzami mai ado, ana hawan Sallah da su a Katsina a gaban malamai. Babur a yau shi ne dokin talaka, shi ne kuma jakinsa: da shi ake kai taki gona, da shi ake kai mai naƙuda asibiti.

Sai dai halal na da tsari. Wanda ya sayi geza alhali birkinsa ba ya kamawa, ko tayarsa ta suɗe, ko kuwa mai ɗakinsa na jiran cefane, ya fifita abin so a kan wajibi. Haka nan ɗan acaɓan da bai gama biyan kuɗin babur ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, duk mai babur ya san nauyin wannan lissafi ba sai an karanta masa ba.

Inda maganar ta yi nauyi ƙwarai shi ne kan salansa. Wasu samari kan huda ta, ko su cire abin da ke cikinta, domin babur ya riƙa ruri a ji shi daga nesa. A tsakiyar birnin Kano wannan damuwa ce kawai ga kunnen maƙwabta. A ƙauyen da ke bakin daji kuwa, al'amarin ya wuce nan, domin ƙarar babur da dare ta sami wata ma'ana a zukatan mutane. A kan babura 'yan bindiga suka riƙa shiga garuruwa. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen watan Agusta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana goyon uku a babur, ta hana cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, ta kuma taƙaita zirga-zirgarsu da dare. Uwar da ta taɓa kwana a cikin gonar dawa da goyo a bayanta, idan ta ji rurin inji bayan isha'i, ba za ta tsaya tambayar ko ɗan gidan wane ne ke gwada sabuwar salansa ba.

Abu Dawud ya ruwaito cewa wasu sahabbai na cikin tafiya, ɗayansu ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiya, ya farka a firgice, sai Manzon Allah ya hana a tsorata Musulmi. Mai karatu ya duba: igiya ce kurum, mutum ɗaya ne, kuma cikin raha aka yi. Ina ga wanda ya tayar da unguwa guda, tsoho mai hawan jini ya zabura, yara suka ɓuya ƙarƙashin gado? Cewa bai yi nufin sharri ba, ba ta wanke shi, tun da ya san abin da ƙarar ke haifarwa. Kansa ma ya sa a haɗari, gama 'yan sintirin da ke gadin gari cikin duhu ba su da hanyar rarrabe shi da ɓarawo.

Mai musu zai ce dukiyarsa ce, yana da ikon sarrafa ta yadda ya ga dama. Malaman mazhabar Malikiyya sun riga sun amsa wannan tun da daɗewa. A cikin Risala, Ibn Abi Zaid ya bayyana cewa ba a barin mutum ya buɗe taga da zai riƙa leƙen maƙwabcinsa, ko ya yi haƙa da za ta cuce shi, ko da kuwa a cikin mallakarsa ne. Idan an hana mutum yin haka a cikin gidansa, to hanya, wadda ta kowa da kowa ce, ta fi cancanta a kiyaye ta. A nan ne hukuncin cire madubi don gayu ya shiga, da fitilar nan mai farin haske da ke makantar da mai tahowa, da kuma rufe lamba da sitika a yankin da ake bukatar a san kowane babur da mai shi.

Akwai kuma adon da ake yi don ciniki, a fesa wa tsohon babur fenti, a rufe tsagar tanki da sitika, a kai shi kasuwa. Wannan algus ne, ɗan'uwan abincin nan da Manzon Allah ya sa hannu a cikinsa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama. Wajibi ne mai sayarwa ya faɗi aibin, in kuwa ya ɓoye, mai saye na da ikon mayarwa.

Bakanike shi ma yana da rabonsa a ciki. Ladan ɗinka riga da sa geza da gyaran fenti halal ne gare shi, ya ci da iyalinsa. Amma idan saurayi ya kawo masa salansa ya ce a huda, shi ma mutumin garin ne, ya san gidajen da za a hana barci a daren nan, kuma aya ta 2 cikin Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka.