Sa'anda Shiri Ya Rushe

Ya kai mai karatu, wataƙila ka ji an ce wanda ya bi Almasihu hanyarsa za ta miƙe sarai, abin da ya shirya da safe shi zai iske da maraice. Ba haka ba ne. Idan kuwa ka riƙe wannan zato, ran da cinikinka ya karye, ko danginka suka juya maka baya, za ka ce Allah ya yashe ka. Domin wannan mu ke so ka duba al'amarin waɗanda suka baro ƙasashensu sabili da bishara, ka ga yadda kwanakinsu suka kasance.

Kai da ke zaune Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ka san hanyar Zariya. Daga wannan fuska, watau kudu, mutum 5 na ƙungiyar C.M.S. suka nufo Kano a shekara ta 1900. Bishop Tugwell ne shugabansu, Likita Miller kuwa yana cikinsu. Ba da ka suka taso ba. Waɗansunsu sun zauna Tarabulus tukuna suna koyon Hausa; suka tattara magani da guzuri, suka yi tafiyar watanni daga Ikko. Sa'anda suka iso, Sarkin Kano Alu ya ƙi su, ya yanka musu 'yan kwanaki su fita. Suka juya har Girku, kudu da Zariya, can kuwa ciwo ya kama ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. A garin nan ne Walter Gowans ya rasu tun 1894, shi da abokinsa Thomas Kent, wanda ajali ya same shi a Bida, ba su ko ga ganuwar Kano ba.

To, me za mu ce? Allah ya ƙi su ke nan? Kada ka yi saurin yanke shari'a, gama rushewar shiri ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda garajen mutum ke jawowa. Mutanen nan sun zo ba da iznin Sarki ba, a cikin shekarar da Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja. Ba abin mamaki ba ne da Sarki ya yi musu zaton 'yan leƙen asiri. Gaskiya ta wajaba a faɗi wannan, ko da shi ke namu ne. Akwai kuma wadda ba laifin kowa, kamar zazzaɓi da mutuwa. Sa'anda naka shiri ya rushe, sai ka zauna ka bincika wace iri ce. Ta fari tuba ta ke bukata da gyara, ta biyu haƙuri.

Amma kada ka mai da rashin sanin gobe hujjar ragwanci. Mun san masu cewa in Allah ya so, alhali tun a zuci sun ƙudura ba za su cika alkawarin ba. Wannan ɗaukar sunan Allah a banza ne, bai dace da mai bi ba. Likita Miller bai ce tun da Kano ta ƙi shi aiki ya ƙare ba. Ya zauna birnin Zariya a 1905, daga baya aikin ya ƙaura Wusasa a 1929. Irin yinin likitan mishan kuwa, ya zauna zai juya aya guda, sai a yi sallama da mai gyambo a ƙofa; ya gama wanke gyambo, sai masassara ta kwantar da shi kansa. Da irin waɗannan guntayen kwanaki aka haɗa Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito a 1932.

Kano ma ƙofarta ta buɗe. Ƙungiyar S.I.M., ta su Gowans da Kent, ita ce ta buɗe asibitin ido a bayan ganuwa a 1943, shekara 50 bayan saukarsu Ikko.