Baƙo Raɓa Ne? Tambaya A Kan Kwatar Ƙofar Shagonmu



Duk lokacin da aka tayar da maganar tsaftar unguwa a zamanmu na bayan sallah, ba a rasa wanda zai ce: "To ai mu baƙi ne, nema muka zo. Garin masu gari ne, su gyara abinsu." Har a kawo karin maganar nan, wai baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Yau muna so mu tsaya a kan wannan magana, mu auna ta da gaskiya. Shin mutumin da yake ci a gari yana sha a gari, akwai haƙƙin garin a wuyansa, ko babu?

Mu fara da raɓar. Raɓa da hantsi take bushewa. Mu kuwa a cikinmu akwai wanda ya shekara 30 a Legas, akwai wanda kakansa aka binne a Agege, 'ya'yanmu da yawa Yarbanci ya fi zama a bakinsu fiye da Hausar Kano. Wannan wace irin raɓa ce? Gaskiya mun zama 'yan gari, sai dai in an zo wajen ɗaukar nauyi mu tuna da baƙunta.

Legas gari ne da ke zaune a bakin teku, ƙasarsa kwari ce, ruwa ba ya samun gangara sosai. Abin da ke fitar da ruwan sama shi ne kwata, daga kwata zuwa babban magudani, daga nan zuwa tafki. Ledar ruwa ɗaya ba komai ba ce a ido. Amma idan kowane shago ya share ƙofarsa ya tura cikin kwata, to kafin watan Yuni hanyar ruwa ta toshe. Ruwa kuma ba ya tambayar jihar da mutum ya fito. Buhun albasar Bahaushe da buhun garin kwakin Bayarabe tare suke jiƙewa. Sauron da ya ƙyanƙyashe a wannan kwatar, 'ya'yanmu yake cizo, mu ne kuma muke biyan kuɗin magani.

Ba mu manta ba, a watan Oktoba na 2023 gwamnatin jiha ta rufe kasuwar Mile 12 saboda ƙazanta. Kwanaki kaɗan ne, amma duk mai sayar da tumatir ya san abin da kwana ɗaya yake nufi ga mota cike da kayan gwari. A Janairun 2024 kuma aka haramta farar robar nan ta zuba abinci mai kama da soso, domin ita ce kan gaba wajen toshe magudanai. Wasunmu sun ce tsangwama ce. To ko da akwai tsangwama a wani wuri, mu tambayi kanmu: kwatar a buɗe take ko a toshe?

Masu ƙorafi suna da tasu gaskiyar, ba za mu ɓoye ba. Muna biyan kuɗin shara, wani lokaci mota ta yi mako biyu ba ta leƙo ba. Akwai manyan gine-gine da aka dasa a kan hanyar ruwa, ba talaka ne ya gina su ba. Wannan haƙƙinmu ne mu nema, ta hannun shugabannin kasuwa da Sarkin Hausawa. Amma laifin wani ba ya wanke namu. Wanda ya je neman haƙƙi ƙofarsa a share, maganarsa ta fi nauyi.

Abin mamaki, wannan ilimin ba baƙo ba ne a wurinmu. A gida, iyayenmu ba su san wani abu wai shi shara ba. Toka da kashin dabbobi da ɓawon kayan miya, duk a kan jaki ake kai su gona su zama taki, haka gonakin kewayen Kano suka daɗe suna ciyar da birni. Tuwo a ganye ko a ƙwarya, cefane a kwando. Yau ruɓaɓɓen tumatir da zai zama taki muna haɗa shi da leda da kwalba, a kwashe a kai juji. Sannan ga 'yan'uwanmu 'yan gwangwan da masu tsintar roba, waɗanda muke yi wa kallon raini, alhali su ne suke mayar da ƙarfe da roba masana'anta. Aikin da suke yi wa garin nan ya fi na da yawa daga cikinmu.

Don haka ga abin da muke roƙo, kuma ba mai tsada ba ne. Kowane shago ya ajiye buhu biyu, ɗaya na roba da leda, ɗaya na abin da yake ruɓewa. Sharar safiyar Alhamis ta kasuwa, a daina tura yaro shi kaɗai, maigida ya fito da kansa. Iyayenmu mata, a riƙa tafiya cefane da jaka daga gida. Masu kayan gwari da suka sami hali, a gwada akwatunan roba maimakon kwando, tumatir ba ya matsewa a cikinsu, asara ta ragu, shara ta ragu. Mu ma a nan masallaci, kwatar wurin alwala tamu ce, kuma gobe Asabar bayan sallar asuba za mu fara da ita. Mai shebur ya zo da shebur.

Gari ba ya ɗorewa da dokar gwamnati kaɗai, sai waɗanda suke cin arzikinsa sun ɗauke shi amana. Ko da gobe za mu koma gida, ya kamata a ce mun bar wurin da muka zauna ya fi yadda muka same shi.

Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya tsare mu da ambaliya. Amin.

Sakataren Masallaci