Sandar Makiyayi: Baiti da Sharhinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Sandar makiyayi amanar Rabbu ce,
Ba don ya huce zuciya aka ba shi ba.
Wanda ya iya kira, shanu su bi shi,
Wanda ya iya duka, bai iya kiwo ba.

Sharhi:

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah ya datar da mu, tambayar da ke cikin wannan baiti ita ce: wanda aka ba iko a kan halittar da ba ta iya kai ƙara, ina iyakarsa?

Ina yaro a ƙasar Dakoro, na ga yadda Fulani ke koya wa ɗa kiwo. Ba da sanda ake farawa ba. Maruƙa ake fara ba shi, ya koyi ɗaure su a dangwali lokacin tatsa, ya san kowace saniya da sunanta da halinta. Daga nan ya koyi kira da fito, ya koyi shiga gaba garke na binsa. Wata rana na kai wa karsana duka a fuska don ta ƙi barin mashaya. Dattijon rugar ya karɓe sandar, ya ce mini: "Ɗana, ƙishirwarta ba ta kwanta ba. Kai ne ka ƙosa." Kwana bakwai ina bin shanu hannu wofi.

Dubi Suratu Ɗaha, aya ta 18. Da aka tambayi Annabi Musa, alaihis salam, abin da ke hannunsa, ya ambaci dogara a kan sandarsa da kakkaɓo wa tumakinsa ganye. Ciyarwa ya ambata, bai ambaci duka ba. Kuma ya tabbata cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana dukan fuska da yi mata lalas.

To, sai a yar da sanda ke nan? A'a. Sakaci ma zalunci ne. A burtali, gero na dama, dawa na hagu, wanda bai miƙa sanda ya tare bijimi ba ya cinye guminsa manomi. Malamanmu na Malikiyya sun ce ɓarnar da dabbobi suka yi wa shuka da dare, ramuwa tana kan masu su. Jini nawa ya zuba tsakanin manoma da makiyaya saboda sakacin sa'a guda?

Saboda haka, a fara da murya. In ba ta isa ba, a ɗaga sanda. In ba ta isa ba, a taɓa gwargwadon buƙata, ba gwargwadon fushi ba. Haka dabaibayi da igiyar hanci: don tsarewa ne, kada su ci nama.

Uba da ɗiyansa, malami da almajiransa, sarki da talakawansa, kowa makiyayi ne, kowa abin tambaya ne. Wanda bai ɗaure zuciyarsa a turke ba, kada a ba shi sanda.

Allah ne mafi sani.