Rumbu Biyu Domin Ranar Tsufa

Karatu: Farawa 41:25-49



A karatunmu na yau, Allah ya nuna wa Fir'auna cewa shekara bakwai na ƙoshi suna zuwa, bayansu kuma shekara bakwai na yunwa. Yusufu, mutumin da Ruhun Allah yake tare da shi, bai ce a naɗe hannu a jira ba. Ya ba da shawara a riƙa tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona tun ana cikin wadata. Bai kuma zuba hatsin a wuri guda ba, kowane birni da rumbunansa. Da yunwa ta zo, wannan tanadi ne Allah ya yi amfani da shi ya ceci Masar, ya ceci Yakubu da 'ya'yansa.

Kai ma kana da shekarunka na ƙoshi, wato kwanakin da kake da ƙarfin jiki. Ko kai mai gadi ne a Kanda, ko direban trotro, ko tela a Maamobi, ko kuwa ke ce mai sayar da waakye a kasuwar Nima, ranar tana zuwa da gwiwa za ta ƙi, ido ya rage gani. Mai gida kuwa ba zai daina karɓar haya ba, magani ma ba zai zama kyauta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Waɗansu 'yan'uwa sukan ce tanadi rashin bangaskiya ne, tun da Yesu ya hana mu damuwa a kan gobe. Amma damuwa dabam, shiri dabam. Karin Magana 6:6-8 ta aike mu wurin tururuwa mu koyi hikima, domin tana tara abincinta a lokacin girbi ba tare da wani ya tsaya a kanta ba. Waɗansu kuma sukan ce, "'Ya'yana ne fanshona." Hakika wajibi ne 'ya'ya su kula da iyayensu. Duk da haka a 2 Korintiyawa 12:14 Bulus ya tuna mana cewa iyaye ne ya kamata su yi wa 'ya'ya tanadi. Ɗan da yake fama da neman aiki a Accra, kada ka ɗora masa kayan da za ka iya ragewa tun yau.

Rumbu na farko shi ne na wurin aiki. Dokar fansho ta Ghana ta shekarar 2008, wadda ta fara aiki a Janairu 2010, ta ce a cire kashi 5.5 cikin 100 na ainihin albashin ma'aikaci, mai ba shi aiki kuma ya ƙara kashi 13. Idan albashinka sidi 2,000 ne, za a cire maka sidi 110, shi kuma ya sa 260. Daga cikin wannan 370, sidi 270 za su tafi SSNIT, 100 kuma su shiga asusu na biyu wanda za a ba ka a dunƙule ranar ritaya. Kafin ka cancanci fansho na wata-wata, sai an biya maka na wata 180, wato shekara 15. Cikakken fansho yana farawa ne a shekara 60.

To, ka taɓa zuwa ofishin SSNIT da katinka na Ghana Card ka duba ko ana biya maka? Kada ka jira sai furfura ta rufe kai kafin ka gane an yi shekaru ba a zuba kome ba. Kai kuma mai bi da kake da ma'aikata a shago, ko makaranta, ko ma a ikkilisiya, ka karanta Yakubu 5:4. Hakkin ma'aikaci da aka danne yana kai ƙara gaban Ubangiji. Kuɗin fanshonsa hakkinsa ne, ba jarinka ba.

Amma rumbun nan shi kaɗai ba ya isa. Wanda ya cika shekara 15 yana samun kashi 37.5 ne cikin 100 na matsakaicin albashinsa na shekaru uku mafi kyau, wanda ya fi kowa daɗewa kuma ba ya wuce kashi 60. Mai sidi 2,000 zai koma rayuwa da 750. Ka kuma tuna da Disamba 2022, lokacin da tashin farashin kaya ya haura kashi 54 cikin 100 a ƙasar nan. Saboda haka kana bukatar rumbu na biyu, wanda kai da kanka za ka gina.

Dokar nan ta buɗe mataki na uku, na ganin dama. Ma'aikaci yana iya zuba har kashi 16.5 na albashinsa a ciki ba tare da an cire masa haraji a kai ba. Mai sana'ar kansa kuwa ana raba masa abin da ya zuba gida biyu: asusun da zai iya taɓawa idan bukata ta taso, da wanda yake jiran ranar tsufa. A shekarar 2023 SSNIT ma ta fara shiri na musamman domin jawo masu sana'ar kansu, har ana iya biya ta wayar hannu. Mun saba da adashi, mun san mai susu da yake zagayawa kullum. Hannun da ya iya ba da sidi 10 kowace rana domin biki ko ɗinkin Kirsimeti zai iya ware rabi domin tsufa. Da yayyafi kogi kan cika.

Sai dai ka yi hattara da inda za ka ajiye. A Mayu 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin kuɗi 347. Kafin ka miƙa guminka, ka tabbata hukumar NPRA mai kula da fansho ta ba kamfanin lasisi. Duk wanda ya yi maka alkawarin riba mai yawa cikin ɗan lokaci, ka guje shi.

A ƙarshe, ɗan'uwa, kada rumbu ya zama allahnka. A Luka 12:16-21 Yesu ya ba da misalin mai arziki wanda ya faɗaɗa rumbunansa domin kansa kaɗai, a daren nan kuwa aka karɓi ransa. Yusufu ya tara domin mutane su rayu, wawan nan ya tara domin ya manta da Allah. Ka fitar da zakarka, ka taimaki gwauruwa da maraya, sa'an nan ka ajiye. Tanadin da ya fi duka shi ne ka ba Yesu ranka, gama shi ne ba ya yashe mu ko a cikin tsufa.

Abin yi a wannan mako: Ka duba takardar bayanin asusunka na SSNIT. Ka zauna da iyalinka ku yanke abin da za ku riƙa ajiyewa kowane wata, kome ƙanƙantarsa.

Addu'a: Ya Uba na sama, na gode maka domin ƙarfi da aikin da ka ba ni. Ka ba ni hikima irin ta bawanka Yusufu, in yi tanadi ba tare da haɗama ba, in kuma dogara gare ka kai kaɗai. Cikin sunan Yesu, Amin.