Wa Zai Biya Wa Marar Hali?

A ƙasar Makarfi, da Ikara, da Kudan, in kaka ta yi, aka shiga saran rake da dahuwar mazarƙwaila, kuɗi ya kan ɗan zaga hannun mutane, shawara kuma ta yawaita a bakin dattawa. A lokacin nan ne a kan ta da maganar asibitin gari. Wani ya ce ya yi mana kaɗan. Wani ya ce bai kamata mai naƙuda da mai amai su kwana ɗaki ɗaya ba, a ƙara ɗakin haihuwa. Wani ya ce a kewaye wurin da katanga, a sa ƙofar ƙarfe. Mu da mu ke zaune a gundumar Dandamisa mun sha jin wannan zance, mun kuwa yi murna da shi, gama niyya ce mai kyau. Amma akwai tambaya guda wadda ba a cika yinta ba, ita ce mu ke so mu sa a gaban masu karatu a wannan wata. In an gama ginin, aka shafa fenti, aka buɗe da biki, sa'an nan wanda ba shi da ko sisin kwabo ya kawo matarsa da tsakar dare, wa zai biya masa?

Ga abin da ya sa mu ke tambaya. Wata damina, cikin watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuwa bai nuna ba, aka kira mu addu'a a wani gida, a wani ƙauye da ba za mu ambaci sunansa ba. Matar gidan ta kwana biyu tana naƙuda. Asibiti ba nisa, ana hangen kwanonsa daga bakin gonarsu. Muka tambayi maigidan abin da ya hana a kai ta. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Fasto, da me zan kai ta? Bashin taki yana wuyana, ba na kuwa iya tsayawa gaban malamin asibiti in ce ba ni da kuɗin allura." Nan take aka yi karo-karo aka kai ta. Ita ta tashi, amma jaririn bai zo da rai ba. Ba wanda ya kore su daga asibiti, gama ba su ma je ba. Rashi da kunya ne suka tsare su a gida. Da an ƙara ɗaki goma a asibitin a shekaran nan, da ba abin da ya sake a wannan gida.

Mutane su kan ba da amsa iri biyu ga tambayarmu. Waɗansu su kan ce, a yi kome kyauta, kada a karɓi kuɗin kowa. Maganar tana da daɗin ji, mai faɗinta kuwa sau da yawa mai tausayi ne. Amma magani ba ya sauka da dare kamar raɓa. Sayensa a ke yi, ungozoma tana da iyali da za ta ciyar, fitila tana shan mai. In ba a san wanda zai biya ba, bayan 'yan watanni kantar magani ta zama wofi, sai a rubuta wa marar lafiya takarda ya tafi kemis ya saya da tsada. Mai hali ya saya, marar hali ya naɗe takardar ya sa a aljihu ya koma gida.

Waɗansu kuma su kan ce, kowa ya biya kuɗin maganinsa, da kuɗin nan a sayo wani. An gwada wannan dabara a ƙasashe da yawa. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, babban birnin Mali, suka yarda a riƙa sayar da magani da sauƙi a ƙananan asibitoci, jama'ar wurin su riƙe kuɗin suna juya shi. A wurare da dama magani ya samu inda dā babu. Amma an kuma ga aibinta, gama ko da shi ke an rubuta a yafe wa matalauta, yafewar ta fi tsayawa a kan takarda, waɗanda suka fi bukata kuwa suka riƙa zama a gida. A Nijeriya, cikin kowace naira 100 da a ke kashewa a kan lafiya, fiye da naira 70 daga aljihun marar lafiya da danginsa su ke fitowa. Markus sura 5 ta ba mu labarin mace wadda ta yi shekara 12 tana ciwo, ta ƙarar da dukan abin da ta mallaka a wurin masu magani. 'Yan'uwanta suna nan cikin ƙauyukanmu: an sayar da akuya, an jinginar da gona, ciwo bai tafi ba.

To, ina mafita? Mu duba Basamariyen nan na Luka sura 10. Mu kan tuna da ya tsaya, ya ɗaure raunukan mutumin, ya ɗora shi a kan dabbarsa. Abin da ya yi da gari ya waye shi ne mu kan manta. Ya fid da dinari biyu ya ba mai masauki, ya kuma ɗauki alkawarin biyan duk abin da za a ƙara kashewa. Bai ce wa mai masauki ya yi jinya kyauta ba, gama ya san shi ma da aikin nan ya ke ci. Bai kuma jira wanda aka yi wa fashi ya biya ba, gama ba a bar masa ko riga ba. Mai lafiya ne ya biya wa marar lafiya, ya biya tun kafin a tambaye shi, ya kuma yi tanadin kwanakin da ke gaba. Amsar da mu ke gani ke nan. A biya mai aikin jinya hakkinsa, amma jama'a su biya tare, tun suna da lafiya, a lokacin da hannu ya ke da abu. Ranar ciwo ita ce ranar da mutum ya fi kowace rana rashin ƙarfi, bai dace a ce ita ce ranar da za a buɗe masa littafin lissafi ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu sun san gayya, matanmu sun san adashi, kowace ekklesiya kuma ta san godiyar kaka. Bari mu yi misali da lissafi. A ce gida 400 suka yarda kowanne ya kawo tiya 4 ta masara da kaka. Tiya 1,600 ke nan, watau buhu 40 in kowane buhu yana cin tiya 40. A ajiye a rumbun jama'a, a sayar da shi da damina sa'ad da hatsi ya yi daraja, wato daidai lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya ke kwantar da yara. Mai gonar rake babba ya kawo fiye da haka, gwauruwa ta kawo mudu guda ko ta zo ta share wurin. Kuɗin nan kada a taɓa shi domin bulo ko fenti. Na maganin marar hali ne, da na man motar da za ta kai mai naƙuda babban asibitin Makarfi ko Shika in abin ya fi ƙarfin na gida.

Saboda haka mu ke roƙon kowane kwamiti mai shirin ƙara gini ya juya tsarin lissafinsa. Ubangijinmu ya yi kashedi, cikin Luka sura 14, a kan mai gina hasumiya wanda bai zauna ya ƙidaya kuɗin ba. A aikin asibiti, gini shi ne sashi mai sauƙi, gama sau ɗaya a ke biyansa, kowa kuwa yana son a ga sunansa a jikin bango. Mai wuyan shi ne abin da a ke biya kowane wata, wanda ba mai gani. Kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, a amsa waɗannan. Wace ungozoma za ta kwana a sabon ɗakin, ina za ta zauna, wa zai biya ta? A tafi wurin hukumar lafiya a sami amsa a rubuce. Akwai makarantar koyon aikin lafiya a Makarfi: wace 'yar garin za mu taimaka ta yi karatu ta komo ta yi mana aiki? Daga ina ruwa zai zo? Da wace wuta za a karɓi haihuwa da dare, a kuma sanyaya allurar rigakafi? In wutar hasken rana ce, wa zai sake batir in ya mutu? In kuɗin bai isa duka ba, gara ɗaki ɗaya da ungozoma da ruwa da fitila, da ɗaki huɗu da jemagu ke kwana a ciki.

Akwai masu musu, ya kamata kuma mu saurare su. Na fari ya ce, wannan aikin gwamnati ne. Gaskiyarsa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin lafiya a matakin farko. Bayan 2015 gwamnatin Jihar Kaduna ta ɗauki aikin gyara asibiti guda a kowace gunduma cikin gundumominta 255, a 2018 kuma ta yi dokar kafa hukumar taimakekeniyar lafiya. Waɗannan hakkinmu ne, wajibi ne mu bi su, mu zauna cikin kwamitin gunduma, mu kai sunayen matalauta a rubuta, mu tambayi abin da ya iso da inda ya tafi. Amma wanda ya kawo tiyarsa ya fi ƙarfin bakin tambaya, mai naƙuda kuwa ba ta iya jiran takarda ta komo daga Kaduna.

Na biyu ya ce, ina ruwan ekklesiya da allura, aikinmu wa'azi ne. Mu tuna da Gimi ta ƙasar Zazzau, inda Isawa waɗanda suka karɓi bishara a zamanin Likita Mila suka kafa ƙauyensu kafin 1920. Suna da sujada, suna da makaranta, amma ciwon barci ya shiga ya kwashe da yawa daga cikinsu, har zaman ya watse. Da mishan ta koma Wusasa wajen 1929, ɗakin sujada da makaranta da asibiti tare suka tashi. Iyayenmu cikin bangaskiya ba su raba rai da jiki ba, Mai Cetonmu ma bai raba ba.

Na uku ya ce, yawancin waɗanda za su amfana ba masu bi ba ne. Haka ne, a ƙasar nan maƙwabtanmu Musulmi sun fi mu yawa. Amma Basamariyen bai tambayi wanda ke kwance a hanya inda ya ke sujada ba. Su ma addininsu ya umurce su da zakka da sadaka, da yawa cikinsu kuwa sun riga mu alheri. Rumbun nan na gari ne, liman da fasto da mai unguwa su riƙe mabuɗinsa tare, kada kuma wani ya mai da magani ƙugiyar kama mutane. Alherin da aka ɗaura wa sharaɗi ya zama ciniki.

Na huɗu ya ce, malalata za su ɓuya a bayan matalauta, wani kuma zai cinye kuɗin. Wannan tsoro yana da tushe, gama mun ga asusun jama'a da ya narke a hannun mutum ɗaya. Manzo Bulus da kansa, sa'ad da ya ke tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba, ya tafi da waɗanda ekklesiyoyi suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi. In Bulus ya bukaci shaidu, balle ma'ajinmu. A sa hannu uku kafin a fid da kuɗi, a karanta lissafi a fili kowane wata uku, a masallaci da majami'a. Zancen gane marar hali kuwa, a ƙauye ba ya ɓuya. Matan zumunta da ungozomar gargajiya sun san gidan da ba a ɗora tukunya ba jiya. A rubuta sunayen tun da kaka, a asirce, domin kada mutum ya tsaya yana bayyana talaucinsa a gaban layi. In malalaci ɗaya ya zame ya sha magani, hasarar ƙarama ce in an gwada ta da kabarin jariri. Wanda ya kawo buhu goma kuma kada ya sa rai za a fara duba nasa ɗan, gama mafi ciwo shi ne na gaba.

Ya ku 'yan'uwa, kaka tana zuwa, za a kuma ta da maganar gini. Muna roƙon kowane fasto da dattijo, in an zauna, ya ɗaga hannu ya yi tambayan nan kafin a kira magini. Ku je ku gai da dagaci da liman, ku kai musu shawarar. Ku ƙidaya gidajenku, ku yanke abin da kowa zai iya kawowa. Ku yi addu'a domin ungozomomi da malaman asibiti masu kwana a ƙauyukanmu, da gidan nan da muka ambata. Ubangiji ya ba mu zuciyar tausayi, da hannu mai aminci a kan abin jama'a. Amin.