Ɓataccen Mutum Ba Ya Nemo Kansa



Ina da maƙwabci a kasuwar Jimeta, Kirista ne mutumin Michika, rumfarsa na jikin tawa. Lokacin da Boko Haram suka shiga garinsu a watan Satumba na 2014, shi da iyalinsa suka faɗa daji. Kwana uku suna tafiya, sai ga su a gindin tsamiyar da suka kwana daren farko. Ashe zagaye suke ta yi. Wani Bafulatani mai kiwo ne ya tsince su, ya ba su nono, ya ɗora su a hanya. Ya ce da ni, "Malam, ranar ce na gane karatun da ake yi mana a coci tun ina yaro."

Karatun yana cikin Linjila, a littafin Luka sura ta 15: makiyayi mai tumaki 100, ɗaya ta ɓace, ya bar 99 ya bi sawunta har ya saɓo ta a kafaɗa. A wurinsu ɗan Adam ne tunkiyar, zunubi ne dajin, Annabi Isa (AS) kuma shi ne makiyayin. A nan muka rabu da su, kuma na gaya masa ba ɓoye-ɓoye: mu a wurinmu Annabi Isa bawan Allah ne kuma ManzonSa, shiriya da ceto na Allah ne Shi kaɗai.

Amma misalin bai bar ni na yi barci ba, domin mu ma muna da ɗan'uwansa. A Bukhari da Muslim an ruwaito labarin mutumin da raƙumarsa ta ɓace masa a sahara da guzurinsa a kanta, ya fid da rai, sai ga ta a gabansa. Farin cikin Allah da tuban bawanSa ya fi na wannan mutumin. To, ka ga dai ko'ina aka duba, ɓatacce abin nema ne, dawowarsa kuma abin murna.

Tambayar ita ce: me ɓatacce yake binmu? Wanda ya taɓa ɓata a daji ya san ƙoƙarinsa ba ya fid da shi, ƙara nitsa shi yake yi. Tsawa daga nesa ba ta nuna masa gabas. Sai wani ya bar abin da yake yi ya shiga neman sa.

Mun ga an yi haka a garin nan. Da Mubi ta faɗi a ƙarshen Oktoba na 2014, Cocin St. Theresa a Jimeta ta cika da 'yan gudun hijira, gidajen Musulmi ma haka. Daga baya Bishop Stephen Mamza ya gina wa waɗanda suka rage gidaje a Sangere-Marghi, har da masallaci domin Musulmin cikinsu.

Yanzu fa? Yaranmu da ake kira 'yan Shila ba daga sama suka faɗo ba. Wasu mu muka yi musu huɗubar suna. Sun ɓata a tsakiyar gari, cikin ƙwaya da ƙwacen waya, mu kuma abin da muka iya shi ne tsinuwa da rufe ƙofa. Wani zai ce ai tunkiya ba ta ɗaukar wuƙa. Gaskiya ne, kuma wanda aka sara yana da haƙƙi, hukuma ta yi aikinta. Sai dai hukunci na tsare ɓarna ne, ba ya dawo da yaro gida. Ni kaina ina jan salla ga waɗanda suka zo, ban taɓa taka ƙafa zuwa inda waɗanda ba su zo ba suke zama. Wannan laifina ne.

Kowa ya san yaro ɗaya a layinsu. A fara da shi: a kira sunansa, a zauna da shi, a nema masa rumfar da zai koyi sana'a. Allah Ya shirye mu da zuri'armu baki ɗaya, amin.