Wutar Gayya: Wane Ne Zai Ɗauki Nauyin Wane?

Duk wanda ya zauna a ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, kamar su Surko, ya san wannan labari. Taransifoma ta ƙone, gari ya yi watanni cikin duhu, daga bisani dattawa su zauna a ƙofar mai gari, a yanka wa kowane gida kuɗin gyara. Tun zamanin NEPA muke haka, har aka miƙa rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO a 2013. Ashe mun daɗe muna haɗa kuɗi domin wuta, sai dai ba mu da ta cewa a kan farashinta.

Yanzu doka ta buɗe wata ƙofa. Tun 2016 hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin ƙananan tashoshin wuta, waɗanda suka ba al'umma damar ƙulla yarjejeniya da mai samar da wutar hasken rana. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wuta a cikin iyakokinsu. A watan Yuli na 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan wata rana kansilolinmu suka zo da shawarar gari ya sayi wuta da murya ɗaya. A Amurka an yi haka: jihar Masacusets ta amince da tsarin a 1997, Kalifoniya kuwa a 2002. Hukumar gari ce take cinikin wuta a madadin mazauna, kamfani yana riƙe da wayoyi, wanda ba ya so kuma yana da ikon fita.

Alherin wannan a fili yake. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gida ɗaya ba ya iya taya farashi da babban kamfani, amma gidaje masu yawa suna iyawa. Ekklesiya ma tana koyar da haka. Paparoma Pius na 11 ya bayyana a 1931 cewa bai kamata babbar hukuma ta karɓe aikin da ƙaramar al'umma za ta iya yi da kanta ba. Mu da muka tashi da gayya da adashi ba baƙin wannan koyarwa ba ne.

Amma ga tambayar da ta shafi lamirinmu. Sa'ad da gari ya zama mai saye ɗaya, bashinsa ma ɗaya ne. Idan wasu suka ƙi biya, aka yanke wutar gari duka, gwauruwar da ta sayar da kazarta ta biya nata za ta kwana cikin duhu tare da wanda ya ƙi. Wannan adalci ne? Wani zai ce ai haka zaman tare yake, a sha daɗi tare, a sha wuya tare. Akwai gaskiya a ciki, gama wanda ya kasa biya saboda ciwo ko ƙarancin damina ɗan'uwanmu ne, ɗaukar nauyinsa kuwa wajibi ne. Amma wanda ya kasa daban, wanda ya ƙi daban. Ɗaukar nauyin na farko ƙauna ce. Ɗaukar nauyin na biyu kuwa ɗaure wa zalunci gindi ne.

Haka nan batun rabon kuɗi. Idan aka yanka wa kowane gida daidai wa daida, tsohuwa mai ƙwan fitila ɗaya za ta biya abin da mai injin niƙa da mai walda suka biya. A baki an ce daidaito, a aikace kuwa matalauci ne yake ciyar da mai hali. Adalci shi ne kowa ya biya gwargwadon abin da ya sha, shi ya sa mita a kowane gida ta fi alkawarin baka.

Don haka kafin kowace ƙaramar hukuma ta sa hannu, bari mu tambaya. An nemi yardar mutane, har da mata da mazauna rugage da unguwannin gefen gari? Wane ne zai riƙe kuɗi, kuma za a karanta lissafi a bainar jama'a? Wanda bai yarda ba yana da hanyar fita? Me aka tanada domin marasa ƙarfi, da ɗakin shan magani, da rijiyar burtsatse? Kwamiti kuwa ya haɗa Kirista da Musulmi, gama wayar wuta ba ta tambayar addinin gidan da ta shiga.

Idan aka zaɓe mu cikin irin wannan kwamiti, kada mu ƙi, kada kuma mu manta cewa kuɗin jama'a amana ne da za mu ba da lissafinsa a gaban Allah. Idan ba a zaɓe mu ba, mu biya namu a kan lokaci, mu halarci taro, mu yi magana domin wanda ba a jin muryarsa.

Ubangiji ya ba shugabanninmu hikima, ya ba mu duka zuciyar gaskiya. Amin.